Gangaren Dutsen Canaille da Surukina a Sitiyari

Da za a tambaye ni abin da ya raba 'yan Adam gida biyu, ba zan ce addini ba, ba zan ce harshe ko launin fata ba. Waɗannan rabe-raben sama ne, abincin masu rubuta littattafai. Ainihin rabuwar tana bakin gangare. Akwai al'ummar da ke saukowa daga tudu da mota cikin giya, akwai kuma al'ummar da ke cire giya ta saki mota ta gangara da kanta, tana gode wa Allah da ya ba ta tafiya kyauta. Ni daga ta biyun na fito. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, tudunmu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa direbanmu in ya sami gangare yake ɗaukarsa sadaka, kuma ba a mayar da hannun kyauta baya.

A Zariya na girma, inda dutsen Kufena ne iyakar saninmu da tsawo, shi ma daga nesa muke gaisawa. A aji an koya mana zana tsaunuka da layukan da ke zagaye juna kamar yankakkiyar albasa, aka ce in layukan suka matsu to wurin yana da mugun gangare. Na ci wannan jarrabawa da maki mai kyau ba tare da kunnena ya taɓa toshewa a kan tudu ba. Da karatu ya kai ni Paris ban ƙaru da komai ta wannan fanni ba, don rabin zamana a ƙarƙashin ƙasa na yi shi, cikin metro, jirgin da ke bin rami. Sai da na sami aikin koyar da Ingilishi a wata sakandare a Vaulx-en-Velin na koma Lyon, sannan na koyi tuƙi, lokacin furfura ta fara leƙowa. Wata mata mai gajen haƙuri ce ta koya mini. Ranar da na saki mota a gangaren Croix-Rousse, ta daki gaban motar da tafin hannu, ta sa na tsaya, ta yi mini huɗuba a kan yadda birki ke yin zafi ya daina kamawa, da yadda inji ke riƙe mota in an bar ta a ƙaramar giya. Ranar ta fitar da ni daga al'ummata.

Matata 'yar Damagaram ce, tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Muna zaune a Vénissieux, a gefen Lyon, can sama a ɗaya daga dogayen benayen Minguettes. Mahaifinta direban babbar mota ne tun yana saurayi, kamyo in ji su. Hanyarsa arewa ce, Damagaram zuwa Agadas, daga can kuma har inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya karɓa. Da yanar ido ta fara rufe masa gani ya daɗe bai yarda ba, har ranar da ya shigo unguwa da mota ya tafi da rabin katangar maƙwabci. 'Ya'yansa maza suka yi shawara, suka karɓe makulli, suka ɗauki wani direba. Ba su yi masa rashin kunya ba. Durƙusawa suka yi suka karɓa, wanda a ganina ya fi ciwo. Daga nan ya koma zaman tabarma a ƙofar gida, yana gane motarsa da kukan inji in ta wuce, yana faɗa wa duk wanda ke kusa abin da sabon direban ke yi mata ba daidai ba. Har Makka suka kai shi ko zai huce. A Jidda aka ce masa ga teku nan, ya ce to.

A farkon zafin wata shekara matata ta kawo shi Lyon aka yi masa aikin ido. Ita ce ta yi ta zirga-zirgar asibiti da shi, ni ina fama da jarrabawar ƙarshen shekara. Ko da ina hutu ma ba ni zan raka shi ba, don tsakanina da shi surukuta ce irin ta da, wadda ba a rage mata komai ba. Ba na kallon fuskarsa. Ba na cin abinci a gabansa. Da safe in durƙusa a bakin falo in gaishe shi, in tambayi jiki, ya ce da sauƙi, in ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce amin, kasuwa ta tashi ke nan sai gobe. A gidan Damagaram mai zaure da tsakar gida wannan tsari ba ya wahalar da kowa, don dama saboda shi aka gina gidan. A gida mai ɗaki biyu da banɗaki ɗaya kuwa, aiki ne na ƙwararru. Na koyi gane takunsa kafin ya fito. Na ci tuwo a tsaye a kicin har na saba. In akwai maganar da ta wuce gaisuwa, matata ke ɗauka daga nan ta kai can, ko da tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba.

Abokan aikina Faransawa da na ba su labari sai suka tausaya mini, suka ce wannan ai nisantar juna ne. Ban ja da su ba, don mutane ne masu son muhawara kuma hutun shan kofi gajere ne. Amma na san ba nisa ba ne. Mutumin da ya ɗauki 'yarsa ya ba ka, ka tsallaka ƙasashe da ita, me za ka faɗa masa da ya fi sunkuyar da kai? Akwai godiyar da in aka furta ta sai ta ƙanƙance.

Bayan aikin ya dawo gida da wani baƙin tabarau mai faɗi, ba ya cire shi sai zai kwanta. Ya sami sabuwar sana'a a bakin taga: kallon motocin da ke ƙasa, yana sanar da 'yarsa wanda ya iya ajiye mota da wanda ya kamata a ƙwace wa takardu. Ta bakinta na ji abin da ke ransa. So yake in ya koma gida a mayar masa da makullinsa. Ya faɗa wa 'ya'yan a waya, suka ce masa sai an gani, wato a'a ce da ta sa rawani. Maganarsa ba za su ɗauka ba, don ya taɓa ce musu yana gani garau ana gobe katanga za ta faɗi. Ta 'yar'uwarsu ma ba za su ɗauka ba, sun san tausayinta. Ita kanta ta ɗauki zancen irin na tsofaffi ne, ta ce masa Allah ya kai mu, ta ci gaba da abin da take yi.

Ana haka sai ga Kawu daga Paris ya zo dubiya. Taubashin surukina ne, ya daɗe a Faransa yana aikin dare a kasuwar Rungis, inda ake sauke abincin da Paris za ta ci kafin gari ya waye. Kowannensu na cewa ɗayan bawansa ne, kuma shari'ar ta fi ni shekaru ba a yanke ta ba. Tun daga bakin ƙofa ya fara.

"Ina makahon? An ce an buɗe maka ido. To tashi ka gaida ubangidanka."

"Na gan ka, jemage," in ji tsohon. "Da na san kai za a nuna mini, da na ce su bar mini yanata."

Kawu ne ya kawo zancen teku. Ya ce asara ce a gyara wa mutum ido ya ƙare a kallon wurin ajiye motoci. Ya san wani dutse a kudu, gaba da Marseille kaɗan, da hanya ta bi ta ƙoƙonsa, mutum na sama teku na ƙasa. Tsohon da ya ji an ambaci hanya sai ya gyara zama. Ranar Asabar ɗin matata tana da aiki, don haka ta haɗa mana guzuri, ta ce kada a bar shi ya daɗe a rana, kada kuma iska ta watsa masa ƙasa a ido.

Bayan asuba muka kama hanya a 'yar motata ta hannu. Surukina ya zauna gaba, don direba ba ya zaman baya. Kawu ya zauna a tsakiyar kujerar baya, kansa tsakanin kafaɗunmu, ya karɓi muƙamin da matata ta saba riƙewa. Sai dai shi ɗan saƙo ne mai ƙari. Tsohon zai ce a gaya wa Malam ya sassauta riƙon bolan, wato sitiyari, Kawu zai ce mini wai ina riƙe da shi kamar amarya da kwanon miya. Ni zan ce a gaya wa Baba na gode, Kawu zai ce masa wai na ce ya rufe baki. Duk muna jin asalin maganar, duk muna jin fassarar, kowa ya zaɓi wadda zai amsa. Haka muka bi kogin Rhône muka gangara kudu, gonakin inabi suna karɓar gonakin alkama, sama tana ƙara haske. A wani wurin hutawa suka shimfiɗa darduma a ciyawa suka buɗe kwanuka, ni kuma na zagaya bayan mota na ci nawa a tsugune. Wasu iyalin Faransawa a teburin kusa suka yi ta satar kallona. Na ga alamar matar tana tunanin ko akwai ofishin da ya kamata ta kira.

Kafin azahar muka shiga Cassis, ƙaramin gari mai tashar jiragen ruwa da gidaje masu launin ƙosai da na madara. A kansa dutsen yake tsaye. Cap Canaille sunansa, ja wur kamar ganuwar da aka yi wa sabon yaɓe, kuma bai san sannu a hankali ba: daga ƙoƙonsa sai ya yanke tsaf ya faɗa teku. Hanyar da ke hawansa ana kiranta Route des Crêtes. A bakinta akwai allon da ke cewa ana rufe ta in iska ta yi ƙarfi, wanda ya kamata ya ishi mai hankali wa'azi. Hawan farko ya miƙe tsaye kamar tsani. Motata ta yi ta kuka, kunnena ya toshe, na tuna da yankakkiyar albasar ajinmu, na ce ashe abin da suke nufi ke nan. Ta gefen ido ina ganin hannun surukina yana motsi a kan gwiwarsa, yana canza giyar da ba ta nan.

A sama akwai fili da aka share don masu tsayawa kallo. Muka fito. Cassis ta koma kamar sukarin ƙwaya da aka zubar a bakin ruwa. Ta wajen Marseille fararen duwatsu sun jeru, teku ya shiga tsakaninsu lungu-lungu, ga tsibirai can nesa kamar shanu kwance. Ruwan kuwa launinsa na marina ne, baƙin shuɗi a nesa, kore-kore a gindin dutse. Iska tana ɗauke da ƙamshin itatuwan dutse, gyare yana ta kuka kamar an biya shi. Littattafan Faransawa da na karanta cike suke da mutanen da suka hau tsauni don su yi tunani, su sauko da hikima. Mu ba mu da wannan al'ada. Tunaninmu a gindin bishiya muke yinsa, cikin inuwa, ƙafa a miƙe. Na tsaya a bakin wurin na jira hikima ta zo, da ta ƙi zuwa sai na ja da baya.

Surukina ya tsaya ya fuskanci tekun da bai gani ba a Jidda. Ya ɗan jima, hannu a baya. Kawu ya tambaye shi yaya ya gani.

"Hamadar Tenere ce," in ji shi. "Sai dai waccan tana barin sawu."

Iyakar abin da teku ya samu daga gare shi ke nan. Ya juya masa baya, ya taka zuwa bakin kwalta, ya tsuguna ya shafa ta da tafin hannu kamar mai duba yadi. Ya bi ta da kallo inda ta lanƙwasa ta ɓace bayan wani dutse, ta sake ɓullowa can gaba. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoton ruwa, shi kaɗai ne a dutsen nan da ya zo ganin hanya. Da ya miƙe sai ya karkaɗe hannu ya dubi Kawu.

"A tambayi Malam, motar tasa tana da ƙiwa?"

A nan na gane abin da ya kawo mu. Ba teku ya zo nema ba, shaida ya zo nema. Kuma ya zaɓi shaidarsa da kyau: malamin makaranta, suruki, wanda 'ya'yansa suka san ba zai iya yi masa ƙarya ba, ba zai iya yin ƙarya dominsa ba. In na ce ya tuƙa ya sauko lafiya daga wannan wuri, makulli ya dawo. Na dubi Kawu da fatan taubasantaka za ta yi aikinta, don shi kaɗai ke da lasisin ce masa a'a. Kawu ya ce a ba shi mana, in ya kashe mu sai mu kai shi ƙara. Na laluba cikin Hausa, na laluba cikin Ingilishi da Faransanci, ban sami jimlar da mutum ke hana uban matarsa makulli da ita ba. Na ajiye shi a kan murfin mota, don ba a miƙa wa suruki abu hannu da hannu. Ya ɗauka.

Ya gyara kujera, ya gyara madubi, ya yi bisimilla. Yadda motar ta tashi ya ba ni haushi, don ni ba ta taɓa tashi da ladabi haka a hannuna ba. Kawu ya yi masa tsiya ɗaya ko biyu, sannan ya jingina. Mutum ne da ya kwashe shekaru yana barci da rana, ga ciki cike, ga ɗumin mota. Kafin kwana ta biyu na ji numfashinsa ya canza. Haka gadar da ke tsakanina da surukina ta karye, muna saman dutse.

Daga nan hanyar tana bin gefen dutsen ta nufi garin La Ciotat, teku a hannun dama, wato ta wajena. A wasu wurare akwai 'yar katanga da ba ta wuce gwiwa ba, a wasu kuwa an bar mutum da imaninsa. Surukina yana da ɗabi'ar masu manyan motoci, ta matsawa gefe don ba wa na gaba hanya, saboda haka ya manne wa bakin dama. Ta tagata ina kallon bayan tsuntsayen teku suna shawagi a ƙarƙashinmu, abin da ban taɓa zaton zan gani ba ina zaune. Tunda ba ni da damar kallon fuskarsa, sai na kalli hannayensa. Busassu ne, masu jijiya, kwance a kan sitiyari kamar a kan cinyarsa. Ba su matse ba, ba su yi rawa ba. Ko sau ɗaya kansa bai juya ya dubi ramin ba. Tsoro bai sake ni ba, amma wani abu ya zauna kusa da shi. Na ce a raina, wannan shi ne tawakkalin da muke karantawa. Mutumin da ya ratsa hamada da ganga guda ta ruwa ya riga ya gama magana da mutuwa, ba sai ya leƙa ta ta taga ba. Na tuna shi a kan tabarma yana sauraron wani yana ɓata masa mota, na ji kamar da hannuna aka karɓe makullin.

Muka wuce wani farin gini na sojan ruwa a kan tudu, inda suke gadin jiragen da ke wucewa. Daga nan ƙasa ta buɗe. Ga La Ciotat can ƙasa, da manyan ƙarafunan tashar gyaran jirage tsaye kamar raƙuman dawa, ga wani dutse a bakin ruwa mai kama da bakin gaggafa, wanda sunansa ke nan ma, ga wani ɗan koren tsibiri a gabansa. Hanya ta sunkuya. Sai na ga hannun daman surukina ya sauka a hankali, ya cire giya.

Inji ya yi shiru. Na san wannan shirun tun ina yaro, a motocin haya, lokacin da direba ke jingina yana murmushi don ya ci ribar tudu. A can gangaren gajere ne, kana hango gindinsa. Nan kuwa kwana ce bayan kwana, kowace tana miƙa mu ga 'yar'uwarta. Mota ta ɗauki gudu, ya taka birki, ta lafa, ya saki, ta sake ɗauka. Ya yi hakan da gwaninta, ban ce ba. Amma gwaninta ba ta hana ƙarfe zafi. Ba a jima ba na fara jin ƙauri, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Na yi tari. Na kira Kawu a hankali, na sake kira, ya amsa mini da minshari. Ƙafata ta dama tana ta taka birkin da babu shi a wajena.

Abin faɗa bai fi kalma huɗu ba, kuma na san su. Amma in na juya na ce Baba sa giya, ban karya surukuta kaɗai ba. Na zama yaron da ya koya wa tsohon direba tuƙi a gaban idonsa, kuma in 'ya'yansa suka tambaye ni, dole in faɗi hakan. In kuma na yi shiru, to birki zai yi maganar a madadina. Na ga wata kwana tana tahowa, na ji takun birkin ya ɗan yi nisa kafin ya kama. Sai na juya baya, na fuskanci Kawu da bakinsa ke buɗe, na ɗaga murya yadda ake yi wa mai nauyin kunne.

"Kawu, wai ni kam na ji ana cewa motocin ƙasar nan ba su da tarbiyya. In an sake su a dogon gangare, sai birkin ya yi zafi ya ƙi kamawa. Ban dai sani ba ko gaskiya ne."

Kawu ya ja minshari. Muka sha kwanar, tayar baya ta watsa tsakuwa. Na ɗauka maganata ta bi iska. Can sai surukina ya ɗaga kai ya dubi madubi, inda taubashinsa ke kwance.

"Jemage, a gaya wa Malam na ji ƙaurin. Furen ɗin nan, birkin naku, na yara ne."

Ya taka kuloci, ya ba ta wuta sau ɗaya, ya zura giya ta biyu ba tare da ko ƙaras ba. Motar ta yi gurnani, ta ja da baya kamar akuyar da aka riƙe wa igiya.

"A kuma gaya masa," ya ƙara, "gangaren garinsu ba shi da kunya. Ba ya ƙarewa."

Na ce wa Kawu a gaya wa Baba gaskiya ne. Haka muka sauko, inji yana kuka, mu biyu muna hira ta kan mai barci. Ya tambaya ko ana ruwa sosai a nan, na amsa. Na tambaya ko hanyar Agadas tana da irin wannan, ya ce a gaya mini tana da abin da ya fi shi, amma a kwance. Ban taɓa doguwar magana da shi irin ta ranar ba, kuma Kawu bai taɓa isar da saƙo da aminci irin na ranar ba.

A bakin tashar La Ciotat ya sami gurbi tsakanin motoci biyu, ya shige da baya a tashi ɗaya. Tsayawar ce ta tada Kawu. Ya share baki, ya duba hagu da dama, ya tambaya ko makaho ne ya kawo mu ko kuwa lahira ce haka da jiragen ruwa. Tsohon bai kula shi ba. Ya ciro wayarsa daga aljihu ya miƙa masa ya ce a kira babban ɗansa. Da aka ɗauka, Kawu ya miƙo mini.

Na koma gefe. Muka gaisa, aka tambayi gida da aiki da zafi, na tambayi iyali da kasuwa. Sannan na faɗi abin da na gani. Na ce Baba ya tuƙa mu a hanyar da ni kaina da gumi na hau ta, dutse a hagu, rami a dama, teku a ƙasa. Na ce hannunsa bai yi rawa ba, ko kallon ramin bai yi ba. Na ce da gangare ya yi tsawo shi da kansa ya mayar da ita giya, wanda gaskiya ne, don hannunsa ne ya mayar. Daga can Damagaram na jiyo kukan wani zakara. Sannan babban ɗan ya ce tunda Malam ya faɗa, magana ta ƙare, in Baba ya dawo motarsa tana jiransa.

Surukina yana tsaye ya ba mu baya, kamar wanda abin bai shafa ba. Kawu ya isar masa. Ya gangara wani ɗan yashi da ke gefen tashar, ya tuɓe takalma, ya naɗe hannun riga ya fara alwala da ruwan teku. Da ya kurkure baki sai ya tofar, ya ce ashe gishirin Bilma ne ya narke. Muka yi sallah a kan yashin, shi a gaba. Ya daɗe a sujadar ƙarshe.

A komowa ni na tuƙa, ta babbar hanya, ba ta dutse ba. Su biyun suka yi barci, ni kuma hikimar da ta ƙi zuwa a sama ta same ni a ƙasa, kamar yadda ta saba yi wa mutanen shimfiɗa. Na yi ta tunanin kunya. Abokan aikina suna ganinta katanga, ni ranar na gan ta kamar ƙaramar giya: tana da ƙara, tana rage gudu, tana cin mai, amma ita ke sauko da mutane daga wuri mai tsawo ba tare da wani ya ƙone ba. Na yi tunanin tsufa, da yadda muke karɓe wa iyayenmu abubuwa a durƙushe muna kiran hakan kulawa. Na yi tunanin hannayen nan da ramin da bai isa su waiwaye shi ba. Kafin mu shiga Lyon na riga na tsara yadda zan ba da labarin, har da inda zan dakata.

Da sauran hasken rana muka iso, don yinin zafi a can dogo ne. Matata ta dawo daga aiki. Na same ta a kicin, ta zuba mini, na tsaya ina ci ina ba ta labari tun daga Cassis. Ta yi dariya a wurin minsharin Kawu. Da na kai inda na ajiye makulli a kan murfin mota sai ta daina dariya. Ta bar ni na ci gaba har zuwa wayar Damagaram, ludayi a hannunta, sannan ta tambaye ni ta wane ɓangare na ce ramin yake. Na ce ta dama.

"Idon hagu kaɗai aka yi masa," ta ce. "Na daman sai watan gobe."